Abin da Ya Ƙona Fuskar Shamsa

Ranar Laraba da hantsi aka kira Sajan Nandonde asibitin garin Newala. Shekararta goma sha ɗaya da kaki a jiki, ta ga jini ta ga gawa, amma da nas ta yaye labule sai da ta ja da baya tana salati. Budurwar da ke kwance ba ta da sauran kamanni. Idanu sun nutse cikin kumburi, ƙuraje masu ruwa sun jeru tun daga haɓa har kunnuwa.

"Shamsa ce, 'yar Bi Somoe mai fasa kashu," in ji nas ɗin. "Shekaranjiya Dakta Mushi ya cire mata haƙori. Da an ƙara awa guda, da maƙogwaro ya toshe."

Nandonde ta duƙa ta ƙare wa fuskar kallo. Leɓɓa lafiya lau. Ta ɗaga mayafi: wuya, ƙirji, hannuwa, ko ɗigon ƙurji babu.

Ta tarar da ɗakin cire haƙorin a kewaye. 'Yan unguwa sun fasa gilashin taga, ana ta ihun a fito da baƙon da ya zuba wa 'yarsu guba. Dakta Mushi na ciki, ya tokare ƙofa da benci, gumi ya jiƙa masa riga.

"Dakta, me ka yi mata?"

"Turmi ɗaya na cire, na hagu. Allura ɗaya, sai ƙwayoyi na kwana biyar."

"Allurar ba ta kawo haka?"

"Da ita ce, da a kujerar nan za ta kumbura. Ta yi rabin awa zaune, har tsokanata take wai hannuna ya fi na mahauci nauyi."

"Safar hannunka fa? Na ji wasu jikinsu bai son roba."

"Leɓe take fara kamawa, Sajan. Can take taɓawa."

"Ƙwayoyin?"

"Su duk jiki suke fesowa. In kuma ramin haƙorin ne ya ruɓe, gefe ɗaya zai kumbura, da zazzaɓi."

Duk abin da ya lissafa, babu wanda ya yi daidai da fuskar da ta gani. Ta bar kurata biyu a bakin ƙofa, ta nemi Selemani, ɗan acaɓan da ke neman auren Shamsa. An ce sun yi cacar baki a kasuwa.

"Mun yi," ya amsa, idanunsa jawur. "Ranar Juma'a za ta hau jirgi, aikatau a ƙasar Larabawa. Saboda gwajin lafiya ma ta cire haƙorin. Na ce kar ta tafi, ta ce in fara sayen babur nawa na kaina tukuna."

"Sai ka ɓata mata fuska."

"Ni? Yaya, tun Lahadi ina Mtwara, na kai wani ɗan kasuwa. Yau na dawo. Tambayi tasha."

Ta tambaya. Mutum huɗu suka shaida.

"Wa ya yi jinyarta a gida?"

"Mamarta. An ce ita ta ɗaure mata muƙamuƙi da zane, wai kar iska ta shiga ramin."

Nan Nandonde ta tuno fuskar Shamsa. Zanen da aka zagayo ta ƙarƙashin haɓa aka ƙulle a ka, daidai inda ƙurajen suka bi zai kwanta. Kuma ita 'yar manoman kashu ce, ta san abu ɗaya da ke cin fata haka bayan kwana guda.

Ta iske Bi Somoe a tsakar gida, zaune gaban tulin kashu, ba ta fasa ko ɗaya ba.

"Sannu Mama, ya mai jiki? Ina zanen da kika ɗaure mata?"

"Na wanke."

"Ban ga shanya ba."

Nandonde ta ɗauki sanda ta nufi bayan ɗaki, inda ake tara ɓawo don hura wuta. Ba ta tona da nisa ba sai ga zanen kanga mai ruwan ɗorawa, a naɗe. Ta warware shi da bakin sandar. Baƙin man ɓawon kashu ya bi tsakiyar zanen a miƙe, tun daga wannan baki har wancan, warinsa na hawa kai.

"Hannuna ne ya taɓa," in ji Bi Somoe. "Tsautsayi."

"Mama, shekara nawa kina wannan sana'a?"

"Talatin."

"Wadda ta yi shekara talatin ba ta taɓa ko cokali sai ta dirje hannu da toka. Kuma tsautsayi shatin yatsu yake bari. Wannan shafawa aka yi, aka bi layi. Ba aikin likita ba ne, don bakinta ƙalau yake, jikinta ma haka. Selemani ba ya gari. Sannan duk unguwar nan sun tafi jifan Dakta, ke uwar yarinya kina zaune. Maƙwabciyarki ta ce har roƙonsu kika yi su ƙyale shi. Kin san ba shi da laifi."

Har Nandonde ta gama magana tana fatan matar ta ƙaryata ta.

Bi Somoe ta dubi tafin hannunta.

"Yayarta Asumini ma haka ta tafi, da sabuwar jaka, tana dariya. Bayan wata tara aka kira ni a waya, wai ta faɗo daga bene. Ko gawarta ban gani ba, 'yar nan. Na roƙi Shamsa, na durƙusa mata, ni da na haife ta. Ta ce ba kowa ke mutuwa ba. Na ce to, ƙuraje kaɗan, mako guda, masu ɗaukar aikin su ga fuskar su fasa ɗaukarta. Ni man nan ko ƙaiƙayi ba ya sa ni. Wallahi ban san zai shaƙe ta ba."

"Saura ƙiris ki kashe ta. Saura ƙiris kuma a kashe bawan Allah da duwatsu."

"Na sani."

Nandonde ta sa zanen a leda, ta buga waya ta ce a sanar da taron cewa likita ba shi da hannu, kowa ya watse. Sannan ta tsaya. Ankwa na ɗamararta, ta kasa ciro ta.

Tsohuwar ta miƙe da kanta, ta gyara ɗaurin zani, ta jawo ƙofar ɗaki ta rufe.

"Jirgin nan, jibi ne ko?"

"Jibi ne, Mama."

"Ba da ita ba?"

"Ba da ita ba."

Bi Somoe ta zura takalmanta.

"To mu je."