Hoton Kan Ubale

Huraira na zaune a tsakar gida tana duba aikin 'yan ajinta, sai ga mahaifinta ya shigo, ko sallamarsa ba ta fito sosai ba. Malam Husaini tsohon direban babbar mota ne, ba a san shi da saurin fushi ba, amma ranar a fusace yake.

"Ina uwarki? Ku haɗa akwatunan lefen nan, gobe a mayar wa mutanen Ubale kayansu."

"Baba, me ya faru?"

"A ƙofar masallaci, a gaban jama'a, na ce masa ya jiki. Sai yaron nan ya ce in ƙyale shi, na cika surutu. Ni da furfurata."

Inna ta leƙo daga kicin. "Ai na faɗa. Da can ɓoye halinsa yake yi, yanzu da ya ga biki ya matso ya saki jiki."

Ubale mai aikin tayil ne, kullum yana bin bas daga Keffi zuwa Abuja, inda sabon gini ba ya ƙarewa. Shekara biyu yana neman Huraira, kuma duk unguwar Gangaren Tudu an shaide shi da kunya. Wata huɗu da suka wuce ya zamo daga bene, goshinsa ya daki kankare, ya yi kwana shida bai san inda yake ba. Ciwon ya warke, amma wanda ya dawo gida kamar an musanya shi: ga faɗa, ga mantuwa, wani lokaci sai a tarar da shi yana kuka ba dalili. Danginsa sun ce jifa ne, an yi hayaƙi an yi rubutu, shiru.

Huraira ta share hawayenta, ta durƙusa.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar Laraba Yaya Hauwa'u za ta kai ƙanenta Ubale wurin likitar ƙwaƙwalwa. Ka je ka ji da kunnenka. In ka dawo ka ce a fasa, na haƙura."

Ya dube ta ya ce, "Allah ya kai mu."

Ranar Laraba su huɗu suka shiga ofishin Dokta Susana. Ta juyo musu da kwamfuta, ta nuna wani tabo a hoton kan Ubale, daidai bayan goshi.

"Baba, wace sana'a ka yi?"

"Tuƙi. Shekara talatin."

"To kai za ka fi kowa ganewa. Wurin nan shi ne birkin mutum. Dukkanmu magana marar daɗi takan zo mana, sai wurin nan ya taka mana birki. Nasa ne ya bugu. Tarbiyyarsa tana nan, son da yake yi muku yana nan."

Malam Husaini ya matso da kujerarsa. "Inji lafiya, birki babu, ga gangara. Na taɓa gani. Ana gyarawa?"

"Ba a sake shi kamar na mota. Amma ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi in an taimake ta. Akwai maganin da zai rage masa zafin rai da ƙuncin zuciya, akwai zaman da za mu riƙa yi da shi duk mako biyu, sai barci isasshe. Ku ci gaba da addu'arku. Ba zan yi muku alkawarin zai koma daidai yadda yake ba, amma na ga da yawa sun samu sauƙi."

Sai a lokacin Ubale ya ɗago kai, idanunsa jawur.

"Baba, ina jin maganar tana fita, ina so in kamo ta, sai ta riga ni. Ka yafe mini."

A waje, suna jiran mota, ya ce wa Huraira a hankali, "Malama, ki nemi mai lafiya. Ni ban yarda da kaina ba."

"Da ƙafarka ce ta karye, haka za ka ce mini? Ka sha maganinka kawai, ka bar mini sauran."

Da suka koma gida Malam Husaini ya yanke hukunci: ba a fasa ba, amma an ɗaga biki shekara guda. "Kuma ki ji da kyau, duk ranar da ya ɗaga miki hannu, magana ta ƙare." Huraira ta ce ta yarda.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Ƙawaye sun yi ta yi mata dariya, ƙannen Inna suka kawo mata wani ma'aikaci mai mota daga Abuja, ta ce a ba shi haƙuri. A wata na uku Ubale ya watsar da maganin, ya ce ya gaji. Malam Husaini da kansa ya je ya goyo shi a babur har asibiti. Sannu a hankali ya koyi gane fushinsa tun yana tasowa, sai ya tashi ya yi alwala, ya dawo. Huraira ta saya masa ƙaramin littafi, yana rubuta duk abin da yake tsoron mantawa. Likita ta hana shi hawa gini, sai ya buɗe shagon tayil a hanyar Akwanga, har ya ɗauki ma'aikata biyu.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Inna, wadda ta fi kowa adawa, ita ta tuƙa tuwon biki, tana gaya wa mata, "Mun kusa zaluntar bawan Allah saboda rashin sani."

Har yau Ubale yana shan maganinsa, yana zuwa ganin likita duk wata uku, kuma ba ya ɓoyewa. 'Yarsu ta fari sunan Inna ta ci.

'Yan'uwa, ƙwaƙwalwa ɓangare ce ta jiki, tana ciwo kamar yadda ido da ƙoda suke yi, kuma tana da likitocinta. In naku ya canza hali dare ɗaya, ku kai shi a duba kafin ku yanke masa hukunci. Haƙurin da aka haɗa da sani ba ya faɗuwa ƙasa banza.