Jitar Ƙarƙashin Gado

Ɗana Moro ne ya fara kawo mini wannan magana. Ya shigo mini kicin a unguwarmu ta Levenshulme, nan Manchester, da la'asar ina tsintar wake, hannuwansa duk shuɗin fenti, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Mma, na yi ɓarna."

"Motar wa ka lalata kuma?"

"Da mota ce ai da sauƙi. Kayan mijin Wasila ne."

Na ture tiren waken gefe na ce ya zauna. Abin da ya faɗa mini rabin labarin ne. Sauran a bakin jikata Wasilatu na zaƙulo shi, da ƙyar, tana yi tana kuka. Ga yadda abin ya kasance.

Wasilatu 'yar 'yata Mariatu ce. Aikin nas take yi a babban asibitin Edgbaston, can Birmingham, kuma a can ta haɗu da Abdulhafiz, ɗan Zariya da ya zo jami'a yana bincike a kan ruwan sha. Yaro ne mai sanyin hali. In zai gaishe ka sai ya kai gwiwa ƙasa, ko da a kan titin Turawa ne. Abu ɗaya ne da shi wanda mu ba mu sani ba: yana kaɗa jita. Tun yana ƙarami wani maƙwabcinsu a Sabon Gari, Baba Manasseh, yake zaunar da shi a zaure ya ɗora masa wata tsohuwar jitar lantarki a cinya. Tsohon ya rasu, jitar ta bi 'ya'yansa, amma ba ta bar zuciyar yaron ba.

Ana saura 'yan watanni bikinsu ya zo Manchester gaishe mu. Da suka fita cikin gari sai suka faɗa wani shagon kayan kiɗa. Wasilatu ce ma ta hango wata jita a rataye — gefenta baƙi-baƙi, tsakiyarta rawaya, kamar gurasar da ta ɗan ƙone a tanda. Jikinta duk ƙwarzane, fenti ya goge a inda hannu ke zama.

"Ba irin ta Baba Manasseh da kake ba ni labari ba ce wannan?"

Ya ƙura wa jitar ido. Mai shago ya sauko masa da ita.

"To amma second-hand ce ai," in ji ta. "Dubi yadda ta sha wuya!"

Mai shago ya yi dariya, ya ce sabuwa ce fil, bara aka ƙera ta. Kamfani ne ke yin su a kan fasalin na dā, har tabon ma su suke yi da hannunsu don ta yi kama da ta kakanni. Wasilatu ta riƙe ciki tana dariya. "Turawa ba za su kashe ni ba! A sayar maka da sabon abu da ciwo a jikinsa?" Amma da ya jona ta da sifika ya taɓa tsirkiyar, dariyar ta tsaya. Ta ce mini, "Kaka, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Kamar ya koma gida." Ita ta ce ya saya. Ita ta rungume akwatin a jirgin ƙasa har Birmingham, ta hana shi ajiye shi a wajen kaya. In ta tashi daga aiki a gajiye ta kira shi, sai ya jingine wayar ya kaɗa mata har ta huce.

Sai dai a gida ba ta taɓa furta ko kalma ɗaya ba, don ta san uwarta. Mu a zangon Kumasi inda muka taso, makaɗi gidansa daban. Za a kira shi biki, a yi masa liƙi, a yi rawa har zani ya kwance, amma ba a ba shi 'ya. Ita kuwa Mariatu ta riga ta cika kunnen matan unguwa: surukina dakta, surukina dakta. Wadda ta fi shan wannan waƙa ita ce ƙawarta Ubaida, matar da in ta ji magana da safe a Stockport Road, kafin azahar ta isa Whalley Range.

Da lokacin jere ya zo, ango ya bar makullin flat ɗinsa, gidan da yake haya, zai koma wajen abokinsa, kamar yadda ake yi, don mata su shiga su shirya wa amarya ɗaki. Ya tambaye ta, "In tafi da jitar?"

"Bar ta. Tura ta ƙarƙashin gado, wa zai leƙa?"

Yarinyar da aka haifa a Manchester! Ta manta cewa a jere, gado ne abu na farko da ake fitarwa. Ni ciwon gwiwa ya hana ni zuwa. Mariatu da Ubaida da sauran mata suka cika motar Moro da sabon gado da labulaye da tukwane suka tafi. Ana ɗaga tsohon gado sai ga akwati. Ubaida ta buɗe.

"La'ilaha! Mariatu, zo ki gani. Daktan namu kiɗa yake?"

Mariatu ta kira 'yarta a bidiyo nan take. Wasilatu na zaune an ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa, wata ce ma ta riƙe mata wayar. Ta ga jitar, ta ga idon uwarta, ta ga kan Ubaida ya leƙo ta bayan kafaɗa.

"Wannan tarkacen na waye?"

"Na... na wanda ya bar flat ɗin ne, Mama. Mantawa ya yi da shi."

"Na ce! Ubaida, kin ji ko? Moro, fitar mini da ƙazantar nan."

Moro fentin mota yake yi, kuma tun yana yaro ba ya iya zubar da abu. Maimakon bola sai ya jefa akwatin a bayan mota ya kai gareji.

Ranar da aka kai amarya, ango ya shigo gaida iyaye mata, ya durƙusa kansa a ƙasa. Ubaida ta ce da ƙarfi, "Ango, ka gode mana! Mun share maka dattin tsohon ɗan haya, har da wata ruɓaɓɓiyar jita. Amarya ce ta ce ba taka ba ce."

Abdulhafiz ya ɗago ya dubi inda amarya take a lulluɓe. Sai ya mayar da kansa ƙasa ya ce, "Na gode, Anti. Allah ya saka da alheri."

Ya rufa mata asiri a gaban kowa. Bayan nan bai yi faɗa ba, bai daina cin abincinta ba, bai fasa kiran Mariatu duk Juma'a ya gaishe ta ba. Sai dai gidan ya yi tsit. In suna cin abinci sai ta ga yatsunsa na hagu suna motsi a gefen tebur, suna danna abin da babu. Ta ce wannan motsin ya fi mata mari ciwo.

Wata rana ta kasa daurewa. "Ka yi mini faɗa mana! I panicked, wallahi. Zan sayo maka wata."

"Ba jitar ba ce, Wasila."

"To mene ne?"

"Ke kika riƙo ta a jirgi. Na ɗauka abin da kike so ne a tare da ni. Ashe abin da kike ɓoyewa ne." Sannan ya ce, "Kunyata kike ji. Da wannan nake kwana."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi laburare. Ita kuma ta zauna a kan sabon gadon nan ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ta rasa wanda za ta gaya wa. In ta gaya wa uwarta, ƙaryarta ta fito. In ta yi shiru, mijinta na nisa da ita kullum.

A can gareji kuwa, da aiki ya yi sauƙi sai Moro ya tuna da akwatin. Ya ga abu mai kyau an wulaƙanta shi, tausayi ya kama shi. Ya rufe ƙarafunan da tef, ya kankare tsohon fentin tas, ya cike ƙwarzanen, ya fesa mata ragowar shuɗin wata mota. Tana shanye tana ƙyalli sai abokin aikinsa Ethan ya shigo, shi kuma yana taɓa kiɗa a ƙarshen mako. Ya juya ta, ya duba wuyanta, ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce wa Moro wannan sabuwa ce, tabon da ya kankare shi ne tsadarta, kuma babu ɗan hayar da zai manta da irin wannan a ƙarƙashin gado. Moro ya kira Wasilatu. Tana jin tambayar ta fashe da kuka. Daga nan ne ya zo mini kicin.

Ni dai kunya ce ta rufe ni, kamar a tsakiyar kasuwa zanina ya faɗi. Ɗan mutane, baƙo a ƙasar nan, ba uwa ba uba kusa. Mun shiga ɗakinsa mun kwashe masa kaya, mun kira shi datti, kuma yana durƙusa mana!

Na sa aka kira mini su duka ranar Lahadi. Na dafa shinkafa da wake da shito, soyayyen yajin nan namu na Gana, na bari aka ci aka ƙoshi, don ba a gyara magana da yunwa. Sannan na ce, "Wasila, uwarki na jin ki."

Ta dube ni kamar in cece ta. Na kau da kai.

"Mama... jitar nan ta Abdul ce. Ni na raka shi ya saya. Ni na zaɓa ma. Ƙarya na yi miki." Ta ɗago kai ta ƙarasa. "Yana kaɗawa, kuma ina so. Tun kafin aure nake so."

Mariatu ta dafe ƙirji. "Makaɗi?! Makaɗi na ba wa 'yata? Me zan ce wa mutane?"

"Ki ce musu abin da kika gani," na ce. "Ya bar salla? Ya taɓa tsayawa a ƙofar wani yana roƙo? Ke da kika yi rawa a bikin nan har ɗankwalinki ya faɗi, wa ya kaɗa miki, aljani? Ki bar zancen mutane, Mariatu, ki dubi wannan. Kin zubar masa da kaya a ɗakinsa, a gabansa aka yi dariya, ya ce miki na gode. Juma'a nawa ya kira ki tun daga ranar? Ya taɓa canza miki murya?"

Mariatu ta juya. Ta dubi Abdulhafiz, wanda ke zaune a ƙasa kusa da ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Can daga ƙarƙashin mayafin muka ji, "Ka yafe mini, ɗana."

"Haba Mama, ba komai. Ba ki sani ba ne."

Sai Moro ya fita mota ya dawo da akwatin, da wata 'yar sifika da ya aro wajen Ethan. Ya buɗe yana kallon silin. Jama'a, shuɗi! Shuɗi mai ɗaukar ido kamar sabon bokiti. Abdulhafiz ya daɗe yana kallo. Ya shafa inda tabon dā yake, ya ji sumul.

"Kawu... aikin ya yi kyau."

"Kada ka yi mini ƙarya, ɗana, Ethan ya riga ya zage ni da Turanci."

Dariya ta kuɓuce wa yaron, irin wadda ke fitowa tare da ƙwalla. Na ce, "To angona, a kaɗa wa tsohuwa ta ji abin da ya hana jikata barci."

Ya saci kallon surukarsa. Ina zai iya a gabanta? Mariatu ta gane, ta tattara kwanuka ta shige kicin. Amma ina lura da ita — ba ta rufe ƙofar ba, kuma famfo bai yi ƙara ba.

Ya jona waya, ya murɗa 'yan kunnuwan jitar, ya fara a hankali. Ni ban san kan kiɗan Turawa ba, amma wannan ba hayaniya ba ce. Murya ce mai kauri da ɗumi, kamar mutum na ba ka labarin garinsu. Ashe fentin bai taɓa muryar ba. Wasilatu ta taso daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da shi, a gabana, a gaban kawunta, ba ta ɓoye ba. Ta kai hannu za ta share hawaye sai awarwaronta ya bugi jikin jitar — ƙwas! Fenti ya ɓantare kamar ƙwayar shinkafa.

"Wayyo! Sorry, sorry! Kawu, za ka iya gyarawa?"

Moro har ya miƙe. Abdulhafiz ya ɗora tafinsa a kan wurin.

"A bar shi, Kawu. Na dā kamfani ne ya yi. Wannan namu ne."

Ku 'yan mata, ku ji ni da kyau. Abin da kika so a jikin mutum kuna ku biyu, kada ki yi musunsa don an taru. Ƙaryar da za ki yi don ki tsira daga kunyar minti ɗaya, mijinki ne zai ɗauke ta a ka. Ku kuma iyaye, in 'ya'yanku na yi muku ƙarya, ku tambayi kanku me kuka sa suke tsoro. Yaron nan haƙurinsa ne ya riƙe auren har gaskiya ta iso, ba wayon kowa ba.

Washegari da safe, ina idar da salla na sha shayina, na sa tabarau na lalubo lambar Ubaida.

"Ubaida, kin tashi lafiya? Jitar nan da kuka fitar, ta mijin Wasila ce. Shi yake kaɗawa, jiya ma a falona ya kaɗa, kuma ya iya. Daga bakina kika ji. Ki kai duk inda za ki kai, amma ki haɗa da sunana."

Na kashe wayar na ɗora ruwan koko.