Na'ura Mai Lamba Sha Bakwai

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya ga lahira!"

Wane kowa? Ana tsakiyar huɗubar Juma'a suka faɗo, mazan garin Sheme duk suna masallaci. Shafa'atu kaɗai suka iske a ofishin, ita da ke riƙe da rajistar kayan intanet da kamfaninsu ke kafa wa 'yan kasuwar hatsi, daga Kankara har Damari.

Tau! Harsashi ya fasa kwaɗon sito. Su huɗu, fuskoki a naɗe, suka dinga jidar na'urori da batiran sola cikin buhunan masara. Tana kife a ƙasa ta hango ƙafar ɗayansu cikin silifas, babban yatsan guntule ne, inda galma ta sare shi tun suna yara.

Yaya Zailani! Uwa ɗaya uba ɗaya.

Babura suka tashi, sai ƙura.

A gindin wani dutse bayan Faskari, shugabansu Baraka ya yi rabo. Ya san 'yan sanda ba za su huta ba sai an jefa masu wani. Kuma ya taɓa aikin kafa irin kayan nan, ya san abin da Zailani bai sani ba. Ya miƙa wa Zailani na'ura guda.

"Kai sabon shiga, ungo wannan. Jona ta a gida, madam ta sha intanet kyauta."

"Oga, ba matsala?"

"Matsalar mi? Na goge komi. Ware!"

Ƙarya yake, la'ananne. Takardar lamba kawai ya ɓare.

Ita kuwa Shafa'atu mace ce mai tsantseni, har Manaja na tsokanarta da Hajiya Rajista. Ba na'urar da ke shiga sito sai ta shigar da ita kwamfuta, yadda da an kunna ta, ko ina take, ɗigo kore zai bayyana a taswira. Da wannan aikin take alfahari.

Washegari da hantsi Sufeto Abdulgafar ya karɓe wayoyin ma'aikata, ya jawo kujera kusa da ita.

"Malama, an ce in sun kunna za ki gani?"

"Yallaɓai, ba kullum ba..."

Manaja ya yi caraf: "Haba, kullum dai! Aikin Shafa'atu bai taɓa kuskure ba."

Wayyo, yabon da ya fi zagi ciwo! Ta shiga roƙon Allah a zuci: kada Yaya ya kunna, ya Rabbi, ya jefa ta rijiya.

Sai ga ɗigon. Lamba sha bakwai, a ƙauyen Ruwan Godiya, daidai gidan da aka yanke mata cibiya, inda uwarsu Goggo ke kwance ba lafiya. Dannawa ɗaya ta isa ta goge shi, amma Sufeto ya riga ya miƙe.

"Ku shiga mota! Maza!"

Aka bar ta da kurtu guda a bakin ƙofa. Ba waya, ba hanyar fita. Ta zauna tana kallon ɗigon kamar mai gadin majinyaci, hawaye na zuba kan madannan kwamfuta. Bayan kamar awa guda ɗigon ya mutu.

Da la'asar Manaja ya shigo da na'urar a leda, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Ki yi haƙuri, Shafa'atu. Ya yi ƙoƙarin haura katanga da bindiga a hannu. A gaban Goggo aka harbe shi."

"Sauran fa?"

"Sun shige daji da kayan duka. Wannan kaɗai muka samu." Ya ajiye ledar a hankali. "In kin samu natsuwa, a gyara rajista."

Ta daɗe tana kallon layi na sha bakwai. Sannan ta rubuta: an dawo da ita, lafiya lau.