Kyaftin Ɗin Al-Sulay

Da murya suka fara sanin juna, tun kafin su ga juna da ido.

Mu'minat na zaune a ɗakinta a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad bayan La'asar, abin sauraro a kunnenta, tana bin ɗigo-ɗigon jirage a fuskar kwamfuta. Ba jiragen gaske ba ne. Wata manhaja ce ta kwaikwayon tuƙin jirgin sama da masu sha'awa ke haɗuwa a cikinta ta intanet, wasu su zama matuƙa, wasu su riƙe hasumiya suna ba da izinin tashi da sauka. Ita hasumiya take riƙewa. Yayanta ne ya koya mata kafin ya tafi karatu waje, ya bar mata kwamfutar.

A Riyad aka haife ta, a nan ta gama karatun haɗa magunguna, amma iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mahaifinta ce ke ɗauke da ita, ba ta da izinin aiki. Tagar ɗakinta bangon maƙwabta take kallo. Kano kuwa da ake ce mata garinsu, rabonta da ita tun tana ƙarama. Idan ta sa abin sauraron nan ne kawai take jin ɗakin ya ƙara faɗi.

Wata rana wani matuƙi ya yi mummunar sauka, jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle ya sake dukan ƙasa. Ya manta bai kashe abin maganarsa ba, sai ta ji ya ce da Hausa, "Kai Tamimu, wannan ai jefar da buhun masara ka yi."

Dariya ta ƙwace mata. Maimakon Turancin da aka saba, sai ta ce, "Sannu. Ka karkata hagu ka ba ni titina."

Can ya ce, "Baiwar Allah, Bahaushiya ce a hasumiya?"

Tamimu ɗan Zariya ne, injiniyan na'urorin sanyi a wani rumbun ajiyar kaya a unguwar Al-Sulay, nan cikin Riyad. Ya tashi yana kallon ƙananan jiragen koyo suna shawagi a saman unguwarsu, amma da ya je gwajin ido aka gano ba ya bambance ja da kore, maganar zama matuƙi ta tsaya nan. A ɗakin da kamfani ya ba shi ya haɗa wa kansa mazaunin matuƙi da falanki da tsofaffin allunan kwamfuta. Hutunsa na zuwa gida kullum kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ɗage shi yake yi, don haka duk Juma'a sai ya tashi jirginsa na kwamfuta daga Riyad ya nufi Kano.

Hira ta koma waya. Ita ta sa masa Kyaftin, shi yana kiranta Hasumiyata.

"Hasumiyata, yau zafin Sulay ya narka min tafin takalmi. Ki faɗi wani abu mai sanyi."

"Kai da ke gyara firij kake roƙon sanyi? Ka sha ruwa, Kyaftin. Kuma na ji muryarka ba daidai ba jiya, ka ci abinci kuwa?"

Ranar Babbar Sallah 'yan Najeriya suka kama istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan gari, maza gefe mata gefe. Tana zuba wa ummanta sinasir ta jiyo muryarsa ta bayan labule yana roƙon a miƙo masa yaji. Cokalin ya kusa suɓuce mata. Wajen motoci suka haɗa ido lokacin tafiya, dogo ne siriri mai ɗan saje, ya tsaya riƙe da hularsa ya rasa inda zai sa ta. Motarsu ba ta hau babban titi ba saƙonsa ya shigo.

"Ke ce mai baƙar abaya da ta waigo?"

"Duk matan wurin baƙar abaya ce da su."

"Amma ɗaya ce ta sa na manta inda na ajiye takalmina. Mu'minat, ina so in zo in gaida Abba."

Ta amince, amma ta roƙe shi abu ɗaya. Mahaifinta, Injiniya Mukhtari, ya san tana taɓa kwamfuta, bai san tana magana da maza baƙi daga ko'ina a duniya ba, kuma ba zai ɗauki wannan da sauƙi ba. Ta ce su ce a taron Sallah suka haɗu. Tamimu ya yi mata alkawari ba wanda zai ji daga bakinsa.

Injiniya Mukhtari ya daɗe yana gyaran jirage a wani kamfanin sufurin sama, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya karɓi Tamimu da fara'a, aka kawo shinkafa da gahawa. Akwai wani baƙon a falon, Usaid, ɗan aminin Injiniya, wanda ke aikin ofis a kamfani ɗaya da shi. Mahaifiyarsa ta jima da yi wa Hajiya Balaraba, umman Mu'minat, maganar haɗa yaran.

Mu'minat na bayan ƙofar kicin tana saurare. Komai na tafiya daidai har aka zo zancen jirgi. Nan Tamimu ya saki baki kamar yaro, ya ba da labarin abin da ya haɗa a ɗakinsa, ya yi tambaya kan injin, ya yi kan birki. Daga nan ya ce yana so ya yi wa nasa ƙofa irin ta gaske, shin yaya ake kulle ƙofar ɗakin matuƙa, kuma wa ke iya buɗe ta daga waje?

Ta ji ƙarar ajiye kofi. Abbanta ya ce lokacin sallah ya gabato.

Ba a jima ba Usaid ya nemo hoton mazaunin matuƙin da Tamimu ya taɓa sawa a intanet, ya kai sashen tsaro na kamfani tare da labarin tambayar. Aka karɓi katin shigar Injiniya, aka ce ya zauna a gida har a gama bincike. Tamimu kuma aka kwashe kwamfutarsa da allunansa, aka hana shi barin ƙasar, ana ta kiransa amsa tambayoyi.

Gidan ya yi tsit. Kowa ya san idan aikin Abba ya tafi, iƙamar gidan gaba ɗaya ta tafi, sai haɗa kaya zuwa garin da Mu'minat ba ta ma san titunansa ba. Injiniya kan tashi da asuba ya sa kayan aiki bisa sabo, sai ya tuna, ya zauna a falo da su har azahar. Umma ta daina kunna talabijin.

Sau ɗaya ya yi wa Mu'minat maganar. Ya ce kada ya ƙara jin sunan yaron nan a gidansa. "Ba ke ya zo nema ba," ya ce, "ni ya zo nema, ya biyo ta kanki."

Maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta riƙa tuno ranar da ta gaya wa Tamimu aikin abbanta da yadda muryarsa ta canza don murna. Ta yi ta juya abin har ta kasa cin abinci, sannan ta rubuta masa.

"Ka gaya min gaskiya ko da za ta yi min ciwo. Da Abba direban tasi ne, za ka zo gidanmu?"

Amsar ta zo nan take.

"Da Abba direban tasi ne da na tambaye shi yadda ake canza giya, don ni wawa ne idan na ga abin da nake so. Na cuce shi da bakina, ban san inda zan sa kaina ba. Amma Hasumiyata, na so ki tun ban san sunanki ba."

Ta kife wayar, ta daina shiga manhajar, ta koma zaman kallon bango.

Usaid ya ƙara yawan zuwa, yau da dabino gobe da turare. Wata rana bayan Azahar ta kawo musu shayi ta ji yana gaya wa Abba abin da ya jiyo a ofis. Masu bincike ba su sami komai a kwamfutar ba, manhaja ce da kowa ke saya a fili. Abin da ya riƙe maganar shi ne Tamimu ya ƙi buɗe musu wayarsa, kuma sun lura ya san gidan nan tun kafin Sallah amma ya ƙi faɗin ta yaya. An gargaɗe shi cewa taurin kan zai iya kai shi ga tsarewa.

"Mai gaskiya me zai ɓoye a waya, ya Ammi?" in ji Usaid, yana kiran Abba baffa da Larabci.

Mu'minat ta ajiye tiren a hankali ta koma ɗaki. Ta san abin da ke cikin wayar. Saƙonninta ne, tun daga na farko. Ta zauna bakin gado tana jin kunyar tambayar da ta yi masa.

Da Usaid ya tafi ta cire kwamfutar da wayoyinta, ta kawo falo ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Abba, ba a taron Sallah muka haɗu ba. A nan muka haɗu. Ni na roƙe shi ya ɓoye muku, shi ya sa ya ƙi buɗe wayar."

Ta kunna ta nuna masa komai, hasumiyar, jiragen, muryoyin mutanen da ba ta sani ba, da saƙonnin. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Umma na tsaye bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi.

"A cikin gidana," ya ce daga ƙarshe, "ina zaune ban sani ba."

"Ku yafe min, Abba. Ba ni da wurin zuwa ne."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Sai ya miƙe ya ce ta shirya, gobe da safe za su fita tare.

Wata jami'a ce ta karɓi bayaninta a wani ƙaramin ofis mai sanyi. Mu'minat ta yi mata bayani da Larabcinta na 'yar gari, ta miƙa wayar, mai fassara na karanto saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, har da na narkewar takalmi. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da za su fita ta hango Tamimu zaune a benci, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya miƙe zai gaida Abba, Abba ya wuce bai kalle shi ba.

Bincike ya ɗan ƙara jan lokaci kafin a rufe shi. Aka mayar wa Injiniya katinsa, aka ɗage wa Tamimu takunkumin tafiya, aka ba shi kayansa a kwali. Kafilinsa dai ya ce bayan wannan surutun ya manta da hutu bana.

Amma Abba bai sauko ba. Ya ce su biyun sun haɗa baki sun yi masa ƙarya. Game da Usaid kuwa ya ce kai rahoton da ya yi aikinsa ne, shi ma da ya kamata ya kai, sai dai ya ga irin murnar da yaron ya yi da abin, kuma ba zai ba da 'yarsa ga mai irin wannan murnar ba. Hajiya Balaraba ce ta yi ta bi a hankali, yau kalma ɗaya gobe biyu, har ya yarda Tamimu ya zo.

Ya zo ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye. Abba ya tambaye shi me ya hana shi buɗe wayar tun ranar farko.

"Na yi mata alkawari, Abba."

"Alkawarin da ya kusa raba ni da aikina."

"Haka ne. Kullum sai na ce yau zan faɗa, sai in tuna za a karanta maganarta a gaban mutane, kuma ku ji daga bakin wasu. Ban yi daidai ba, na rasa wanda zan zaɓa ne. Ku yafe min."

Abba ya daɗe yana juya carbinsa. Sannan ya tambaye shi ko yana da wani babba a ƙasar nan. Tamimu ya ce akwai ƙanin mahaifinsa a Madina.

"To ka ce ya zo. Kuma daga yau ba ni ba zancen jirgi da kai, ko a wasa."

Umma ta shigo kicin ta sami Mu'minat na kuka a gaban tukunya, ta dungure mata kai ta ce ta kashe wutar kafin miyar ta ƙone. Wayar Mu'minat ta yi ƙara.

"Mu'minat, ina zaune a matakalar gidanku. Kin yafe min?"

"Ni ce zan roƙe ka, Kyaftin ɗina. Ka tashi ka tafi kafin ya canza shawara."

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a wani ƙaramin masallaci a Ulaisha, aka yi walima a gida, ɗalibai da ma'aikatan asibiti 'yan gida suka cika falon har matakala. Da yamma, kafin a kai amarya ɗan gidan da Tamimu ya kama, ya kira mahaifiyarsa Inna Hajar a Zariya ta bidiyo, ya miƙa wa Mu'minat wayar.

Tsohuwar ta matso da fuskarta har ta cika wayar, ta ce a ɗaga mayafin ta ga 'yarta. Ta kalle ta sosai, ta share ido da bakin zane.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya ta gari, ya kawo min ku gida in riƙe hannunki kafin in bar duniya."

Mu'minat ta buɗe baki za ta amsa. Daga bayanta ta ji Abba ya riga kowa cewa amin.