Inda Aka Kai Azarar Ɗayyabu

Rana ta yi ja a bayan rumbunan Mungadi, awaki sun dawo gida da kansu, Inna Rakiya tana tsakar gida tana kwashe tuwo, sai wani abu ya faɗo tim a gefen murhu. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta ɗaga murya ta yi musu faɗan da ta saba. Ba wanda ya yi dariya a bayan katanga, ba wanda ya ruga. Ta duƙa ta ɗauki abin. Ba dutse ba ne, guntun tubali ne na tsohuwar jar ƙasa, kuma da ɗumi a jikinsa kamar yanzu aka ciro shi daga toka.

Ta san ƙasar. Daga saman bangon ɗakin marigayi mijinta ta fito, Malam Ɗayyabu magini, wanda ya gina rabin soraye na garin nan da hannunsa. Ɗakin ne abin alfaharinsa. Ya yi masa rufin azarar giginya, ya jera ta layi bisa layi tana gicciye juna, hayaƙin turare da na shekaru suka mayar da ita baƙa wuluk mai sheƙi. Da tsakar bazara ma in ka shiga sai ka nemi mayafi. Kafin ya rasu ya bar wa Rakiya magana ɗaya tak game da ɗakin: kada a kware rufinsa, akwai masu fakewa a ciki. Ba ta tambaye shi su wane ne ba, domin ta san amsar.

Amma wata uku da suka wuce an kware shi, kuma da yardarta.

Ɗanta Imran ne ya kawo maganar. Shi ne ɗan da ta sayar da shanunta biyu ya yi karatun zanen gine-gine, shi ne kuma yanzu wani attajirin albasa na Aliero ya damƙa wa aikin wani katafaren otal a bakin gulbin Jega, masaukin manyan baƙi. Duk zuwan da zai yi sai ya zauna a bakin tabarmarta ya ba ta labari. Ginin ƙasa ne zalla, ba ya buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. Wutar sola ce, ruwan sama ake tarawa, ba a sare ko bishiya ɗaya ba. Ita kuwa sai ta yi ta murmushi. Mutanen da suka rushe ɗakunan iyayensu don kada a ce musu 'yan ƙauye, yau su ne za su zo daga Abuja da manyan motoci su kwana a ɗakin laka, suna yabon sanyi kamar su suka gano shi.

Ranar da ya zo da wayarsa a hannu fuskarsa ba walwala. Ya nuna mata hoton wani itace da gara ta cinye, ya ce shi ya hau ya duba da kansa, rufin Baba ne, damina ɗaya ta rage ya rufto a kan Mufida. Mufida ita ce autarta, shekararta goma sha tara, a ɗakin take ajiye keken ɗinkinta. Rakiya ta yi ta jujjuya maganar kwana biyu. Ta san gara ba ta cika damun azara ba, amma wa zai ja da mai digiri a kan abin da ya karanta? Aka sauke azarar, aka buga kwano. Ya ce ya sa an kai itacen bayan gari an ƙone, don kada garar ta bi sauran ɗakuna. Har addu'a ta yi masa.

Jifan bai tsaya a ranar farko ba. Kullum da an kira magariba sai ya fara, guda, sannan shiru mai tsawo, sannan guda. Ba ya samun kowa. Yakan faɗo dab da ƙafar mutum ya tarwatse. Kaji suka daina shiga akurki. A kwana na uku kwanon ɗakin ya riƙa amsawa a hankali, kamar mai tafiya a kai yana neman wurin zama bai samu ba.

A kwana na huɗu Mufida ta shiga ɗauko almakashi, ba ta fito ba. Rakiya ta same ta zaune a tsakiyar ɗakin, kanta a ɗage, idonta a kan kwano. Ta kira sunanta sau uku. Da yarinyar ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ce ta fito, busasshiya, ba gaggawa a cikinta.

"Ina iccen?"

Daga ranar ba ta ƙara faɗin wata kalma ba sai wannan. Ba ta cin abinci sai an ɗura mata kunu. Da rana ta kwanta kamar mai zazzaɓi, da magariba ta miƙe ta koma tsakiyar ɗakin ta ɗaga kai. Imran ya zo daga Jega da ledar magani, ya ce damuwa ce, a bar ta ta huta. Yana tsaye a bakin ƙofa ta yi tambayarta, ya ji da kunnensa. Ya duba agogo ya ce ma'aikata na jiransa.

Sai a kwana na tara aka samu Malam Waliyyu na Jiga Makera, malamin da ya yi suna wajen cire aljanu. Dattijo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, ya iso a bayan mashin bayan la'asar, ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Ya ce duk wanda ya kwana a gidan nan tun yana yaro a kira shi. Dole Imran ya zo, ya zauna a gefe da takalminsa mai tsabta.

Da aka idar da sallar magariba Malam ya zauna nesa kaɗan da Mufida ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Gidan ya yi tsit, ko akuya ba ta motsa ba. Can yatsun yarinyar suka fara karkarwa, wuyanta ya sandare, ta juyo da fuskarta gare shi a hankali.

"Ya isa, Malam," in ji muryar. "Ni ma Musulma ta. Kak ka ƙone ni da abin da nika karantawa."

"In ke Musulma ta, mi kike biɗa ga ɗiyar mutane?"

"Ba ɗiyar nika biɗa ba. Inuwata nika biɗa. Shekara arba'in muna hwake cikin iccen nan, ni da jikokina. Ɗayyabu ya sani. Shi ya bar muna inuwa, mu munka tsare mai gara. Ko ƙwara guda ba ta taɓa hawa iccen ga ba."

Rakiya ta juya ta dubi Malam. Malam bai dube ta ba, amma da ita yake lokacin da ya ce, "Ba a kama mutum da shaidar aljani, Hajiya. Suna hwaɗin gaskiya, suna hwaɗin ƙarya." Ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Tana so ƙwarai a ce ƙarya ce.

"Ba yanka, ba turare, ba mu ba ki komi," Malam ya ce wa muryar. "Ki hita don tsoron Allah."

"Ban roƙi komi ba. Wanda ya kware ɗakin yana nan zaune. In ya ƙone iccen, ya nuna min toka, in yi kukana in tahi. In bai ƙone ba, ya hwaɗi inda shike, in bi abina. Ko wanne ya yi, yau nika barin ɗiyag ga."

Malam ya juya ya dubi Imran. "Ka ji. Abu mai sauƙi na."

Imran ya sunkuyar da kai.

Wannan shirun ne Rakiya ba za ta manta ba har ta koma ga Allah. Mufida ta fara lanƙwashewa ta baya, haƙoranta suna ƙara, jijiyoyin wuyanta sun fito. Hasken yamma ya ƙare a tsakar gida. Yayanta, wanda ya goye ta tana jaririya, yana zaune yana kallon ƙasa, yana auna sunansa da numfashinta. Rakiya ta ƙirga a zuciyarta har ta gaji da ƙirgawa.

"Imrana," ta ce a hankali. "Ƙanwarka ta."

Ya share gumi. Sannan ya ce, "Yana Jega. Shi na rufin zauren karɓar baƙi. Inna, sabon icce ba ya yin baƙi wuluk haka, na biɗa ko'ina ban samu ba. Hoton na wani gida na."

"Madalla," in ji muryar. Sannan ta ƙara, "Rakiya, ki yahe min. Ke ba ki ci amanata ba."

Malam ya sa aljanar ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba, ta yi. Mufida ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta faɗa kan cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce tana jin yunwa. Rakiya ta tashi ta ɗumama tuwo. Imran ya biyo ta murhu yana magana, yana cewa ai sunan Baba yake so ya ɗaukaka, ai a can dubban mutane za su ga aikinsa. Ta zuba miya, ta wuce shi kamar ba kowa a wurin.

Duk da haka uwa uwa ce. Kwana shida tana neman masa uzuri, har ta kusa samu. Wataƙila da gaske don mahaifinsa ya yi. Wataƙila ya rubuta sunan Ɗayyabu a wurin, baƙi su karanta su yi masa addu'a. Ranar kasuwar Jega ta yafa mayafi, ta hau mota ba ta gaya wa kowa ba, daga tasha ta hau keke napep zuwa bakin gulbi.

Otal ɗin ya yi kyau, ba za ta yi masa ƙarya ba. Bango mai kauri, shafe mai santsi, fitilu a cikin ƙore, tabarmin kaba a ƙasa. Tana shiga zauren sanyin da ta sani ya sauko mata a kafaɗa. Ta ɗaga kai. Ga su nan, layi bisa layi, an goge su suna ƙyalli, lafiya lau, ba ko huda ɗaya. Ta gane har wadda Ɗayyabu ya ɗan karkata don ta rataya fitila.

A jikin bango akwai wani ƙaramin allo na tagulla da rubutun Turanci. Wata budurwa mai kayan aiki ta taso daga bayan tebur ta gaishe ta da ladabi.

"Ɗiyata, karanta min wancan."

Yarinyar ta karanta, ta juya mata da Hausa. An ce injiniya Imran ne ya tsara wannan zaure. An ce azarar ta haura shekara arba'in, kuma shi ya ceto ta daga wani kango a ƙauye, gidan da mutanensa suka watse suka bari ba kowa.

"Ba sunan wanda ya gina?"

"Babu, Hajiya. Sun ce ba a san shi ba." Yarinyar ta ga yadda tsohuwar ta dafa bango, ta matso. "Ko kin san kangon ne?"

Rakiya ta gyara mayafinta, ta sake duban rufin sau ɗaya.

"Can na kwana jiya," ta ce. "Can zan kwana yau."