Fure Shida

"Ilinca, don girman Allah kar ki kunyata mu!" Mama ta damƙe hannunta a bayan labulen dandamali. "Tun safe nake karantar idonki..."

"Me na yi, Mama? Shafi kawai zan juya masa, kamar kullum."

"Mijin yayarki ne yanzu!"

"Ai ban manta ba. Ni na riƙe mata gefen riga a coci."

Shekara bakwai Ilinca tana zama a hagun Octavian, yana kaɗa fiyano a zaurukan birnin Iași tana juya masa shafin littafin kiɗa. Akwai wani tsohon kiɗa mai sanyi da yakan kaɗa mata idan zaure ya watse, ya ce, "Wannan naki ne, zuciyata." Namiji bai san nauyin baki ba. Da ya tashi aure, yayarta Rodica ya ɗauka.

Yau kuma ya miƙe gaban mutane ya ce kiɗan nan na amaryarsa ne!

Ya zauna, ya raɗa wa Ilinca, "Ƙanwata, a kula da shafi na tara."

Ƙanwata...

Ta san wajen. Nan hannunsa ke rikicewa tun yana ɗalibi. In ta haɗa shafi biyu ta juya, gobe duk garin zai kwana yana masa dariya. Yatsunta suka kama biyun. Sai ta hango Rodica a layin gaba, hannu a kan ciki, tana murmushi. Ita me ta sani? Ilinca ta saki ɗaya. Ta juya daidai, har ƙarshe.

Tafi ya ɓarke. Ta ɗauko furanni daga ƙarƙashin kujerarta ta miƙa masa. Ya karɓa yana washe baki, sai ya duba. Shida. A al'adarsu, mai rai fure uku ake ba shi, ko biyar, ko bakwai. Shida sai kabari.

Wata tsohuwa a gaba ta yi alamar gicciye.

"Kin yi kuskure, Ilinca," ya faɗa. "Ɗaya ya faɗi ne?"

"Shekara bakwai ban taɓa kuskuren lissafi ba, maigida."

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Ba a magana da matattu."

Ta rufe littafin kiɗan, ta sauko ta sumbaci goshin yayarta. Sai da ta kai titi hawayen suka zo.