Hatimin Kwanan Wata

Ranar da aka ajiye teburin sabuwar ma'aikaciya kusa da nawa, kwanan watan jiya na yi ta buga wa mutane.

Aikina a ofishin karɓar takardu bai wuce wannan ba. A miƙo takarda ta taga, in buga hatimi, in tura sama. Na karanta littattafan da suka fi shugaban ofishin nauyi, amma abin da nake yi ko jaki zai iya in an ɗaura masa hatimin a kofato. Wayon aikin ɗaya ne: kowace safiya a murza ɗan zoben da ke gefen hatimin don lamba ta ci gaba. A ranar ban murza ba.

"Malam Mai Littafi, yau fa Laraba," ta ce.

"Na gode. Jiya ma haka take, suna ne ya bambanta."

Ta ɗago wata takarda.

"Tsohon nan yau ya rubuta tasa, kai ka ce jiya ka karɓa. Sama za su dawo da ita. Mota biyu ya shiga kafin ya zo."

"Sai ya shiga ta uku."

Ba ta yi dariya ba. Ta fita, ta cim masa a tasha, ta dawo da shi. Na gyara, tsohon ya tsaya yana sa mini albarka. Ni, ba ita ba.

Daga nan gaisuwarta ta zama kalma biyu.

"Ka murza?"

"Na murza, Sarauniyar Taga. Amma ranakun duk ɗaya ne."

Ita ba takarda take gani ba. Ta san wadda ke bin haƙƙin mijinta, ta san wanda ke ɓoye cewa bai iya karatu ba. Don kada ta fi ni sani, na fara ɗago kai. Ashe hannuwan da ke shigowa ta taga suna da fuska. Babu marubucin da ya taɓa gaya mini.

Wata rana muna tashi daga aiki na ce, "Zan aure ki, in kin yarda."

"Haka ake faɗa a littattafan naka?"

"Nasu ya fi tsawo, kuma ƙarya ne."

Ta sunkuyar da kai.

"To... je ka ga yayana."

Amma mataimakin shugaba, wanda shi ma yake son ta, ya riga ni. Ya gaya wa yayan cewa ni mai raina aikina ne, mai rufe taga a fuskar mutane. Abin haushin, bai yi ƙarya ba.

Ta zo da jajayen idanu.

"Yaya ya ƙi. Ya ce wanda ya raina abin da ke ciyar da shi, gobe ni zai raina."

"Ashe yayanki masani ne."

"Don Allah ka bar bakin nan. Ina shirin rasa ka, kai kana neman magana mai daɗi..."

Na ba ta haƙuri. Wannan ne karo na farko.

Bayan kwanaki wani mutum ya zo dab da tashi, ya zauna a benci, babu takarda a hannunsa. Ina jawo taga sai ga wata mata da goyo, tana haki. Takardarta babu sa hannu, kuma ba ta iya rubutu ba.

"Rufe, lokaci ya yi," in ji mataimakin daga bayana, da ƙarfi.

Na dubi ƙurar ƙafarta. Na ɗauki tawada na zagaya waje, ta dangwala yatsa, na buga hatimi a kan gwiwata.

Mutumin bencin ya miƙe.

"Kai ne mai neman ƙanwata?"

Na gyaɗa kai.

"Ka turo manyanka."

Daga baya na ji cewa mataimakin ne ya zaɓa masa lokacin da zai zo. Na gode wa mataimakin a wurin ɗaurin aure. Bai ci komai ba.

Dokar ofis ta hana miji da mata zama ɗaki ɗaya, aka mai da ita wani reshe. Gaisuwar ta koma bakin ƙofar gida.

"Ka murza, mijina?"

"Zan murza, masoyiya. Duk ɗaya ne."

Mun tsufa a kan haka. Ciwon da ya ɗauke ta gajere ne, sunansa ne dogo. Safiyar ƙarshe a asibiti ta kama hannun rigata.

"Je ka, mutane na jira. Ka murza..."

"Duk ɗaya ne," na ce, don ta yi dariya.

Ta yi. Na tafi na buɗe taga. Kafin in dawo an rufe mata fuska.

Masu ta'aziyya sun ce lokaci zai warkar da ni. Ni da lokaci muke aiki, na san iyakarsa. Har yau ina tagar, ina murzawa, ina duban fuskoki, matasan ofis suna cewa tsohon nan yana son aikinsa.

Amsa ɗaya na yi ta ajiyewa sai ranar da ta dace.

Ba ɗaya ba ne, Sarauniya. Tun daga Larabar nan, babu ranar da ta yi kama da wata.